Yaƙin da Amurka Ta Yi da Ingila Don Neman Mulkin Kai

A tsakiyar ƙarni na 18 ƙasar da a ke kira Amurka yau ba ta zama ƙasa guda mai mulkin kanta ba. Waɗansu ƙasashe ne guda 13 jere a bakin tekun Atlantika daga arewa zuwa kudu, kowace da Gwamnanta da majalisarta, dukansu kuwa suna ƙarƙashin Sarkin Ingila, George na Uku. Mutanensu sun kai wajen 2,500,000. Yawancinsu jikokin Turawa ne da suka ƙaura daga Ingila da maƙwabtanta, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar baƙar fata ne, bayin da aka kwaso su, ko aka kwaso kakanninsu, daga Afirka. Daga shekarar 1775 zuwa 1783 waɗannan ƙasashe suka yi yaƙi da Ingila har suka fita daga hannunta.

Wanda ya bi labarin yaƙin nan daki-daki zai tarar da abin mamaki. Galibin manyan karon da aka yi a fili Ingila ce ta rinjaya. Ta ci New York, ta ci Philadelphia inda majalisar Amurkawa ke zama, ta ci Savannah da Charleston, amma duk da haka ita ce ta sa hannu a takardar sallama ƙasar. Dalili kuwa shi ne cin birni bai ƙare yaƙi ba muddin rundunar Amurkawa tana nan ba a watsa ta ba. Su kuma sojan Ingila, abincinsu da albarushinsu da umurninsu duk ta teku su ke zuwa, tafiyar mil 3,000, wadda jirgin ruwa mai filafilai ya kan yi wata guda ko biyu kafin ya gama ta. Duk ran da wata rundunarsu ta rabu da jiragenta ta shiga hatsari. Sau biyu aka rutsa irin wannan runduna aka kame ta ɗungum, kamun nan biyu kuwa su suka yanke hukuncin yaƙin.

Asalin rigimar haraji ne. A 1763 Ingila ta gama wani dogon yaƙi da Faransa, ta karɓe Kanada, amma ta fito da bashi mai nauyi. Majalisar Landan ta ga ya kamata mutanen Amurka su ɗauki wani kashi na kuɗin tsaron ƙasarsu, ta shiga aza musu haraji, na farko bisa takardu a 1765, daga baya bisa waɗansu kayan da a ke shigowa da su. Amurkawa suka ce ba su da wakili ko ɗaya a majalisar nan, saboda haka ba ta da ikon taɓa aljihunsu. Magana ta yi ta tsami har ran 16 ga Disamba, 1773, sa'ad da waɗansu mutanen Boston suka hau jirage uku da dare suka zubar da akwatin ganyen shayi 342 cikin ruwa. Ingila ta rufe tashar jiragen Boston, ta cika garin da soja. Sauran ƙasashen suka ga abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, suka aika da wakilansu Philadelphia aka kafa majalisa guda.

Kowane gari a Amurka yana da ƙungiyar 'yan sa kai, watau manoma da maƙera da 'yan kasuwa masu bindiga a gida, waɗanda su kan taru loto-loto su koyi fareti. Janar Gage, shugaban sojan Ingila a Boston, ya ji labari sun tara makamai a Concord, wajen mil 18 daga garin, ya tura soja kamar 700 da dare su ƙwace. Amma labari ya riga su. Da asubar 19 ga Afrilu, 1775, suka tarar da mutum saba'in da 'yan kai tsaye da bindigogi a dandalin ƙauyen Lexington. Aka umurce su su watse, suna cikin watsewa sai wata bindiga ta tashi, sojan Ingila suka buɗe wuta, Amurkawa 8 suka faɗi matattu. Runduna ta wuce Concord, ba ta sami abin kirki ba, don an riga an kwashe yawancin kayan. A hanyar komawa ne ta ɗanɗana kuɗarta. Manoma suka yi ta tahowa daga ƙauyuka, suna laɓewa bayan itatuwa da shingayen dutse da ɗakuna suna harbi, soja kuwa suna tafe cikin jajayen riguna a sarari. Kafin su isa Boston an kashe musu mutum 73, waɗanda aka raunana da waɗanda suka ɓace sun kusa 200. 'Yan sa kai dubbai suka kewaye garin.

Bayan wata biyu aka yi karon da a ke kira na Bunker Hill, ko da ya ke a kan wani tudu na kusa da shi aka yi yawancin faɗan, mai suna Breed's Hill. Cikin dare ɗaya Amurkawa suka haƙa rami suka ta da ganuwar ƙasa a kan tudun, wanda ke fuskantar Boston ta ƙetaren ruwa. Bindigogin zamanin nan na ɗuri ne, dangin harba-ka-ruga, in abu ya wuce yadi 100 samunsa sai sa'a. Saboda haka dabarar sojan Turai ita ce su jeru kafaɗa da kafaɗa, su matso kusa, su saki wuta gaba ɗaya, sa'an nan su auka da wuƙaƙen da su ke ɗaurawa a bakin bindiga. Hafsoshin Ingila sun tabbata manoma ba za su tsaya wa wannan ba. Ran 17 ga Yuni, da rana tsaka, Janar Howe ya hau tudun da soja fiye da 2,000. Mutanen ganuwa suka yi shiru har suka matso ƙwarai, sa'an nan suka zuba musu wuta, sahu ya karye. Aka sake hawa, aka sake korowa. A hawa na uku albarushin Amurkawa ya ƙare, suka yi ta kai duka da gindin bindiga da duwatsu, daga nan suka janye. Tudu ya zama na Ingila, amma da ran mutum 226, ban da fiye da 800 masu rauni, hafsoshi kuwa sun fi kowa shan wuta. Amurkawa sun rasa wajen 450. Masu tarihi da yawa suna ganin tun daga ranar nan Howe ya riƙa jin nauyin auka wa Amurkawa in suna bayan ganuwa, abin da ya yi a shekara ta gaba kuwa ya ƙarfafa wannan magana.

A cikin watan nan ne majalisa ta naɗa George Washington sarkin yaƙi. Babban manomi ne daga Virginia, mai gonaki da bayi, shekararsa 43, ya kuwa taɓa yaƙi a gefen Ingila sa'ad da a ke faɗa da Faransa. Ya tarar da taro mai yawa, ba horo, ba igwa. Wani mai sayar da littattafai a Boston, Henry Knox, ya tafi Ticonderoga, wata kagara da Amurkawa suka ƙwace can arewa, ya ɗoro igwa kusan 60 bisa katako masu zamewa kan ƙanƙara, shanu da dawaki na ja, tafiyar mil 300 cikin tsananin sanyi. Wata safiya a watan Maris, 1776, sojan Ingila suka farka suka ga igwogin nan kafe a kan tuddan da ke kudu da gari. Ran 17 ga watan suka shiga jirage suka bar Boston.

Ran 4 ga Yuli, 1776, majalisa ta yi shelar cewa ƙasashen nan 13 sun fita daga mulkin Sarkin Ingila. Amsar Ingila ta riga ta kama hanya: soja wajen 32,000 suka taru a bakin New York, cikinsu har da dubban sojan haya da aka ɗauko daga ƙananan sarakunan Jamus. Ran 27 ga Agusta, a tsibirin Long Island, Howe ya zagaya da dare ta wata hanya da ba a tsare sosai ba, ya ɓullo wa Amurkawa ta baya, ya fatattake su. Suka koma bayan ganuwarsu, kogi a bayansu, abokan gaba a gabansu. Da Howe ya auka musu a ranar, mai yiwuwa ne da yaƙin ya ƙare nan. Sai ya tsaya haƙa ramuka. Daren 29 ga wata Washington ya tara kwale-kwale, masunta daga cikin sojansa suka yi ta fito da mutane har gari ya waye, hazo kuma ya sauko ya rufe na ƙarshe. Mutum wajen 9,000 suka ƙetare ba a ankara ba. Bayan wannan sai asara bisa asara. New York ta faɗi, aka kama kusan 3,000 a wata kagara cikin Nuwamba, Washington ya ratsa New Jersey a guje ya haye kogin Delaware da 'yan dubbai kaɗan, da yawansu ba takalmi.

Akwai wata matsala da ta fi abokan gaba tsanani. Yawancin sojansa alkawarin shekara guda suka yi, wa'adinsu kuwa zai cika ran 31 ga Disamba, kowa ya kama hanyar gida. Howe ya ɗauka aiki ya ƙare, ya rarraba sojansa a garuruwa su yi zaman sanyi, kamar yadda aka saba a Turai, ya ajiye Jamusawa wajen 1,500 a Trenton, bakin kogin. Daren 25 ga Disamba, daren Kirsimati, Washington ya sake haye Delaware da mutum 2,400 da igwogi 18, kogi cike da manyan gutsattsarin ƙanƙara, iska na kaɗawa. Waɗansu ƙungiyoyi biyu da aka shirya za su haye ta ƙasa suka kasa. Fiton ya ci lokaci fiye da yadda aka zata, har ya tabbata ba za a isa kafin gari ya waye ba, amma ya ce a ci gaba. Suka yi tafiyar mil 9 cikin ruwa da dusar ƙanƙara, suka faɗa garin wajen ƙarfe 8 na safe ta fuska biyu, suka kafa igwa a bakin manyan tituna. Kafin Jamusawa su gama jeruwa an harbi shugabansu, Kanar Rall, wanda ya mutu daga baya. Aka kama wajen 900. In an auna da yaƙe-yaƙen Turai wannan ɗan ƙaramin karo ne, amma shi ya hana runduna mutuwa. Washington ya roƙi mutanensa su ƙara mako 6, kowa da ladan dala 10, da yawa suka yarda. Ran 3 ga Janairu, 1777, ya bar wutar sansaninsa tana ci don ruɗin Janar Cornwallis, ya zame da dare, ya bugi wata ƙungiyar Ingila a Princeton.

A 1777 Ingila ta shirya dabarar da ta ga za ta raba ƙasashen biyu. Janar Burgoyne zai gangaro daga Kanada da mutum wajen 8,000, ya bi tafkin Champlain da kogin Hudson har Albany, ya yanke ƙasashen arewa maso gabas, inda tawaye ya fi ƙarfi, daga sauran. A kan taswira a ofishin Landan abin ya yi kyau. Amma ba wanda ya ɗaure Howe da umurni bayyananne ya hauro daga New York ya tarye shi, shi kuwa Howe zuciyarsa tana kan Philadelphia. Ya kwashi rundunarsa a jirage ya yi kudu, ya kori Washington a Brandywine ran 11 ga Satumba, ya shiga Philadelphia ran 26. Majalisa ta tattara takardunta ta koma wani gari ta ci gaba da zama. Bai sami kome ba sai masaukin sanyi mai daɗi.

Shi kuwa Burgoyne da fari tafiya ta yi masa kyau, ya karɓe Ticonderoga cikin Yuli ba wuya. Daga nan ya bar ruwa ya shiga kurmi da manyan igwogi da kekunan kaya. Amurkawa suka riƙa sare itatuwa suna kayarwa a hanya, suna karya gadoji, suna kore dabbobi, har tafiyar mil 23 ta ci masa kusan mako uku. Guzuri ya soma ƙarewa. Ya tura Jamusawa Bennington su samo dawaki da abinci, 'yan sa kai suka rutsa su ran 16 ga Agusta, ya rasa wajen mutum 900. Kullum rundunarsa raguwa ta ke yi, ta Janar Gates da ke tare masa hanya kuwa ƙaruwa, don manoma sai tuɗaɗowa su ke yi daga kowace fuska. Aka kara ran 19 ga Satumba a wata gona kusa da Saratoga. Burgoyne ya riƙe filin, amma ya rasa wajen 600, maharban Daniel Morgan masu dogayen bindigogi suna tsince masa hafsoshi daga cikin itatuwa. Ya zauna mako biyu da 'yan kwanaki yana jiran taimako daga New York, bai zo ba. Ran 7 ga Oktoba ya sake gwadawa, aka kore shi. Wanda ya fi kowa nuna jaruntaka a karon nan shi ne Benedict Arnold, wanda Gates ya riga ya tuɓe daga shugabanci saboda saɓanin da ke tsakaninsu, amma ya hau doki ya shiga faɗa har aka harbe shi a ƙafa. Wannan Arnold ɗin ne bayan shekara uku ya nemi sayar wa Ingila da kagarar West Point, asirinsa ya tonu ya gudu wurinsu, har yau kuwa sunansa a Amurka ya zama sunan maci amana. Ran 17 ga Oktoba, 1777, Burgoyne ya miƙa wuya da mutum kusan 6,000.

Amfanin Saratoga a Turai ya fi bayyana. Faransa ta daɗe tana aika wa Amurkawa da albarushi da bindigogi a ɓoye, don tana jin haushin asarar 1763, amma ba ta so ta fito fili ta goyi bayan wanda zai faɗi. Da labari ya isa Faris, jakadan Amurka Benjamin Franklin ya sami abin da ya daɗe yana nema, aka ƙulla alkawari ran 6 ga Fabrairu, 1778. Sifen ta shiga a 1779, aka soma faɗa da Holan a ƙarshen 1780. Yaƙi ya bazu har tsibiran Yammacin Indiya masu rake, da Indiya kanta, da bakin tekun Afirka ta Yamma, inda Faransa ta ƙwace Saint-Louis ta Senegal a farkon 1779. Tilas Ingila ta rarraba jiragenta da sojanta. Ana cikin haka Washington yana zaman sanyi a Valley Forge da mutum wajen 12,000 cikin bukkokin katako, inda yunwa da cuta suka kashe kusan 2,000. A nan wani hafsa Bajamushe, von Steuben, ya koya musu jeruwa da juyawa da faɗa da wuƙar bakin bindiga. Da suka fito suka kara da Ingila a Monmouth cikin Yuni, 1778, suka tsaya mata sahu da sahu har dare ya raba. Wannan ne babban karo na ƙarshe a arewa.

Daga nan Ingila ta juya kudu, don an gaya mata can masu biyayya ga Sarki suna da yawa, da sun ga soja za su tashi. Maganar ba ƙarya ce duka ba, gama Amurkawa ba bakinsu ɗaya ba, dubbai sun ɗauki bindiga a gefen Sarki. Savannah ta faɗi a ƙarshen 1778. Ran 12 ga Mayu, 1780, Janar Lincoln ya sallama Charleston da mutum wajen 5,000, asarar da ta fi kowace girma ga Amurkawa a yaƙin duka. Majalisa ta aiko Gates, gwarzon Saratoga, Cornwallis ya ragargaza shi a Camden ran 16 ga Agusta, shi Gates ɗin kuwa bai ja linzami ba sai da ya yi mil 60 daga filin. Sai dai cin ƙasa daban, riƙe ta daban. Ko'ina sojan Ingila suka ɗaga, 'yan sari-ka-noƙe su fito daga fadamu su far wa masu goyon bayan Sarki, maƙwabci na ƙone gidan maƙwabci. A King's Mountain, ran 7 ga Oktoba, mutanen duwatsu suka kewaye 'yan Sarki wajen 1,000, suka kashe waɗansu suka kame sauran. Duk filin nan mutum ɗaya ne ɗan Birtaniya, watau shugabansu Ferguson, saura duk Amurkawa ne ke kashe juna.

Washington ya aika da Janar Greene ya karɓi kudu. Greene ya raba 'yar rundunarsa biyu, ya ba Morgan kashi ɗaya, Cornwallis kuma ya tura Kanar Tarleton, wani saurayi mai zafin kai, da mutum wajen 1,100 ya kamo shi. Suka haɗu ran 17 ga Janairu, 1781, a wata makiyayar shanu da a ke kira Cowpens, a nan aka ga dabara mafi kyau a yaƙin duka. Morgan ya san 'yan sa kai ba su tsayawa in sun ga wuƙaƙe sun doso su, saboda haka bai nemi su tsaya ba. Ya jera mutanensa sahu uku, maharba a gaba, 'yan sa kai a tsakiya, horarrun soja a baya kan tudu, barade kuma a ɓoye bayan tudun. Ya bi 'yan sa kai da dare wuta-wuta yana gaya musu abin da ya ke so kaɗai su yi harbi biyu, sa'an nan su janye. Da safe suka yi yadda ya ce. Sojan Tarleton, waɗanda suka kwana tafiya ba abinci sosai, suka ga mutane na gudu suka ɗauka an karye, suka biyo a warwatse, sai suka yi kiciɓis da sahu na uku, wanda ya juyo ya sakar musu wuta a kusa ya auka musu. Barade suka ɓullo ta gefe guda, 'yan sa kan da suka janye suka zagayo ta ɗayan. Cikin ƙasa da sa'a guda an kashe fiye da 100, an kama wajen 800. Cornwallis ya fusata, ya ƙone kayan rundunarsa don ta yi sauri, ya bi Greene har bakin kogin Dan a iyakar Virginia, ya tarar sun haye sun kwashe jiragen fito. Da suka kara a Guilford ran 15 ga Maris, Cornwallis ya riƙe fili kamar yadda aka saba, amma ya rasa fiye da rubu'in mutanensa, ba shi kuwa da inda zai sami madadinsu. Ya gangara bakin teku, daga can ya yi Virginia.

Cikin Agusta, 1781, ya sauka a Yorktown, wani ƙaramin gari a bakin kogin York, kusa da inda kogin ke shiga Chesapeake, wani babban lungun teku da ya kutsa cikin ƙasa. Ya haƙa ganuwa ya zauna. A ganinsa ba hatsari, tun da ya ke teku tana bayansa, teku kuwa ta Ingila ce. Washington a lokacin yana kusa da New York tare da Janar Rochambeau, wanda ya kawo sojan Faransa fiye da 5,000 tun shekarar da ta wuce, burinsa kuwa ya ƙwato New York. Sai takarda ta zo cewa de Grasse, shugaban jiragen yaƙin Faransa a Yammacin Indiya, yana tafe Chesapeake da manyan jirage 28 da soja 3,000, amma ba zai wuce tsakiyar Oktoba ba. Washington ya bar burinsa nan take. Suka bar alamun da za su sa Janar Clinton a New York ya zaci shi za a far wa, suka yi kudu, tafiyar fiye da mil 400. Ran 5 ga Satumba jiragen Ingila 19 suka iso bakin Chesapeake suka tarar Faransawa sun riga su. Jirage 24 suka fito musu, aka yi ta musayar wuta wajen sa'a biyu, ba wanda ya nutsar da wani a ranar, amma bayan 'yan kwanaki na Ingila suka juya New York gyara. Karon da ya fi kowane nauyi a yaƙin neman mulkin kan Amurka ke nan, ba kuwa jirgin Amurka ko ɗaya a cikinsa.

Ƙarshen Satumba mutum wajen 17,000, kusan rabi Faransawa, suka kewaye Yorktown. Injiniyoyin Faransa sun san aikin cin kagara sarai. Aka haƙa dogon rami na farko, aka kafa manyan igwogi, ran 9 ga Oktoba aka soma ruwan wuta dare da rana. Daren 14 ga wata aka auka wa ƙananan kagaru biyu da ke tare hanya, Faransawa ɗaya, Amurkawa ɗaya, su Amurkawan da wuƙa kaɗai, ba ɗuri a bindigoginsu, aka matso da rami na biyu kusa. Cuta kuma tana cin mutanen cikin gari. Daren 16 Cornwallis ya gwada ƙetarar da sojansa kogin a kwale-kwale, irin yadda Washington ya tsira a Long Island, sai hadari ya taso ya watsa jiragen. Safiyar 17 ga Oktoba, shekara huɗu daidai da ranar Saratoga, wani yaro makaɗi ya hau ganuwa yana kaɗa ganga, wani hafsa a gefensa yana kaɗa farin ƙyalle. Ran 19 soja fiye da 7,000 suka fito tsakanin sahun Faransawa da na Amurkawa suka zubar da makamai. Cornwallis ya ce ba shi da lafiya, ya aiko mataimakinsa O'Hara da takobi. O'Hara ya nufi Rochambeau, Rochambeau ya nuna masa Washington, Washington kuma, da ya ga mataimaki aka aiko, ya nuna masa nasa mataimakin, Lincoln, wanda aka ci a Charleston. A ranar nan ce Clinton ya taso daga New York da soja 7,000 don ceto, ya iso bayan kwana biyar, ya juya.

Har bayan wannan Ingila tana riƙe da New York da Charleston da Savannah, tana da soja dubbai a ƙasar, jiragenta ma sun ci de Grasse suka kama shi a watan Afrilu, 1782. Sarki George ya so a ci gaba. Amma majalisar Landan ta gaji da zuba kuɗi, cikin Fabrairu, 1782, ta ƙi yarda a ƙara kai yaƙi a Amurka, Firayim Minista Lord North ya sauka a wata na gaba. Ran 3 ga Satumba, 1783, aka sa hannu a kan sulhu a Faris, Ingila ta amince da mulkin kan Amurka, iyakarta ta yamma kuwa kogin Mississippi. 'Yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar a can, da yawansu kuma suka yi yaƙi a gefen Ingila, ba a ko ambace su a takardar ba, alhali ƙasarsu ce aka miƙa.

Baƙar fata sun yi yaƙi a ɓangarorin biyu. Waɗansu dubbai sun shiga rundunar Washington, waɗansu da yawa kuma sun gudu daga iyayengijinsu zuwa wurin Ingila, don tun 1775 Gwamnan Virginia ya yi shelar 'yanta duk bawan ɗan tawaye da ya zo ya taimaki Sarki. Mulkin kan da aka samu bai kashe bauta a ƙasashen kudu ba, sai a 1865, bayan wani yaƙin. Sa'ad da sojan Ingila za su bar New York, Washington ya nemi a mayar da bayin da suka gudu, Janar Carleton ya ƙi, ya ce an yi musu alkawari. Aka rubuta sunayen mutum wajen 3,000 a littafi aka kai su Nova Scotia ta Kanada, sojan ƙarshe kuma suka bar garin ran 25 ga Nuwamba, 1783. A Nova Scotia sanyi ya dame su, gonakin da aka ce za a ba su kuma yawanci ba su samu ba. A farkon 1792 kusan 1,200 daga cikinsu suka shiga jirage 15 suka ƙetaro teku zuwa Saliyo, suka sare daji a bakin ruwa suka kafa garin Freetown.